Umaru Ganda: Tsohon sojan da fim ɗinsa kan auren dole ya fara lashe babbar kyautar finafinan Afirka

A watan Maris na 1972, a birnin Wagadugu, alƙalan bikin finafinan Afirka na FESPACO suka bayyana fim ɗin da ya zo na ɗaya. Wannan ne karo na farko da aka taɓa bayar da babbar kyautar bikin, kuma wanda ya ɗauke ta ɗan Nijar ne, Bazabarme daga Yamai mai suna Umaru Ganda, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Oumarou Ganda.

Mutumin bai wuce makarantar firamare ba. Ya yi aikin soja, ya yi zaman kashe wando, ya yi dako a tashar jiragen ruwa. Fim ɗin da ya kai shi ga wannan matsayi, Le Wazzou polygame, bai kai tsawon awa guda ba, kuma labarinsa ba baƙo ba ne a kowane gari na Arewa: wani Alhaji mai kuɗi ya ƙyalla ido ya ga yarinyar da aka riga aka yi wa miji.

Yau fiye da shekara hamsin ke nan, babu wani ɗan Nijar da ya sake cin wannan kyauta. A Najeriya kuwa, ko a cikin masu sana'ar fim, kaɗan ne suka taɓa jin sunansa.

Daga aji zuwa fagen fama

An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935, lokacin da Nijar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. A nan ya yi firamare. Yana ɗan shekara 16 ya shiga rundunar sojan Faransa, aka tura shi yankin Indochina, inda ƙasashen Vietnam da Laos da Kambodiya suke a yau.

Yaƙin da aka kai shi ba nasa ba ne. Tun 1946 Faransa ke fafatawa da mayaƙan Viet Minh masu neman 'yancin ƙasarsu, kuma ta riƙa kwaso samari daga ƙasashen Afirka da take mulka domin su cike mata sahu. A watan Mayun 1954 aka yi wa sojojinta mummunan kaye a Dien Bien Phu, daga nan mulkinta ya ƙare a yankin. Ganda ya yi kimanin shekara biyu a Asiya, ya dawo gida a 1955.

Mutanen ƙasar Zuru ba sa buƙatar dogon bayani a kan irin wannan dawowa. Yanki ne da ya yi suna wajen bai wa soja 'ya'yansa, kuma har yanzu akwai gidajen da ake ba da labarin kakannin da Turawan Ingila suka kai yaƙin Bama. Ranar da soja ya iso ana kaɗe-kaɗe. Bayan 'yan watanni, idan kuɗin sallama sun ƙare, sai ya ga babu wanda ya tanadar masa abin yi.

Haka ta faru da Ganda. Ya nemi aiki a Nijar bai samu ba, sai ya bi sahun dubban samarin Zabarmawa da Hausawa da ke gangarawa bakin teku neman kuɗi. Ya sauka a Abijan ta ƙasar Kodebuwa, ya kama dako a tashar jiragen ruwa.

Haɗuwa da Jean Rouch

A Abijan ne ya gamu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi kafin ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. A lokacin Rouch yana bincike kan 'yan ci-rani da ke barin Nijar zuwa gaɓar teku, sai ya ɗauki Ganda aikin tattara masa bayanai da ƙididdiga.

Daga wannan aiki aka haifi fim ɗin Moi, un noir, ma'ana Ni, Baƙar Fata, wanda aka ɗauka a unguwar Treichville. Fim ɗin ya bi rayuwar wasu samarin Nijar na tsawon mako guda: neman aikin yini, yunwar tsakar rana, dambe, rawar daren Asabar da mafarkin yin arziki. Kowannensu ya ari sunan wani tauraron finafinan Turawa. Ganda, wanda shi ne jigon labarin, ya zama Edward G. Robinson.

An ɗauki hotunan ne ba tare da sauti ba. Daga baya aka zaunar da Ganda yana kallon kansa a majigi, yana faɗin abin da ya zo masa a rai, aka naɗi muryarsa aka ɗora. Saboda haka kusan duk abin da mai kallo ke ji ya fito ne daga bakin ɗan dako. A kusa da ƙarshe, yana tafe a bakin ruwa yana kwaikwayon yadda suka yi yaƙi a Indochina da yadda aka watsar da shi bayan ya dawo.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fim a Faransa. Matasan daraktoci irin su Jean-Luc Godard sun yaba masa ƙwarai, kuma ana lissafa shi cikin finafinan da suka sauya salon shirya fim a ƙasar.

Sai dai yabon ya tafi ne ga Rouch. Ganda daga baya ya nuna bai gamsu da yadda aka fito da rayuwarsa ba. Ba shi kaɗai ke da irin wannan ƙorafi ba, domin Usman Sembene na Senegal ya taɓa zargin Rouch da masu nazari irinsa da kallon 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari.

Ya karɓi kyamara da hannunsa

Ganda ya koma Yamai, inda Nijar ta sami 'yancin kai a 1960. Ya shiga ƙungiyar masu sha'awar fim da ke Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar, ya koyi aikin kyamara da sauti a matsayin mataimaki. A 1968 aka shirya gasar rubuta labarin fim, shi kuma ya rubuta abin da ya fi sani, wato rayuwar tsohon soja.

Sakamakon shi ne Cabascabo, fim marar launi na kimanin minti 45 cikin harshen Zabarmanci, wanda shi da kansa ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin jarumi. Soja ne ya dawo daga Indochina da kuɗi a aljihu, abokai da maroƙa da mata suka yi masa caa. Da kuɗin suka ƙare kowa ya kama gabansa. Ya nemi aikin da yake ganin ya dace da muƙaminsa bai samu ba, ƙarshe ya juya ya nufi gona.

A 1969 an nuna fim ɗin a sashen masu sharhi na bikin Cannes a Faransa, kuma ya sami lambar yabo a bikin finafinai na Mosko. Masana da yawa suna ɗaukar Cabascabo a matsayin amsar Ganda ga Rouch. Labarin ɗaya ne, amma wannan karon mai shi ne ya zaɓi inda za a ajiye kyamara.

Alhaji da Satu da Garba

A 1970 ya shirya fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame. Bahaushe zai ji kalmar wa'azi a cikin sunan, domin tushensu ɗaya ne daga Larabci. Ɗaya kalmar kuma Faransanci ce da ke nufin mai mata fiye da ɗaya.

Wani mutum ne ya dawo daga aikin Hajji, gari ya ɗauka, kowa na kiransa Alhaji. Yana da mata biyu a gida. Duk da haka idonsa ya faɗa kan Satu, budurwar da aka riga aka yi wa alkawari da wani saurayi mai suna Garba. Alhaji yana da kuɗi, yana da suna, ga kwarjinin wanda ya taka ƙasa mai tsarki. Garba ba shi da komai sai alkawarin da aka yi masa. Iyaye suka karkata inda nauyi yake, Garba ya fusata ya bar ƙauyen zuwa birni.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya zama irin wanda aka saba ji. Amma Ganda ya shiga cikin gidan Alhaji. Matarsa ta biyu, Gaika, ta ƙi yarda a kawo mata yarinya ƙarama ta ture ta daga matsayin amarya, sai ta ƙudura a kashe Satu a daren biki. Cikin duhu aka yi kuskure, ƙawar amarya ce ta rasa ranta.

A wannan kuskure ne ƙarfin fim ɗin yake. Wadda ta mutu ba ta nemi auren kowa ba, ba ta karɓi sadakin kowa ba, ba ta yi kishi da kowa ba. Rakiya kawai ta zo. Ganda yana nuna cewa idan manya suka karya alkawari saboda abin duniya, ba su ke zaɓar wanda abin zai faɗa wa ba.

Bai kuma sauƙaƙa wa mai kallo ta hanyar ɗora laifin duka kan mutum ɗaya ba. Alhaji ya yi amfani da darajar da ibada ta ba shi wajen biyan buƙatar ransa. Iyayen Satu sun san da alkawari suka take shi. Gaika ta aikata ta'asa, amma ita ma tana cikin gidan da ba a neman shawararta, kuma matsayinta ya dogara ne kan inda zuciyar miji ta karkata.

A ƙasar Zuru, inda al'adar golmo ta Dakarkari ta sa saurayi ya yi shekaru yana noma wa surukansa kafin a ba shi mata, an san nauyin alkawarin aure. Duk wanda ya san wahalar da ke cikin wannan jira zai gane abin da ke cin Garba a rai tun kafin a fassara masa ko kalma ɗaya ta Zabarmanci.

Yadda aka karɓi fim ɗin

An fara bikin FESPACO a 1969 a ƙasar da a lokacin ake kira Haute-Volta, Burkina Faso ta yau. A karo biyu na farko nuni kawai ake yi. A 1972 gwamnati ta mayar da shi hukuma, aka shigo da gasa, aka ƙirƙiro kyautar Dokin Yennenga.

Sunan kyautar ya yi daidai da fim ɗin da ya fara cin ta. A tarihin baka na ƙabilar Mosi, Yennenga gimbiya ce jaruma wadda mahaifinta ya hana ta aure saboda ba ya son rabuwa da ita, sai ta hau doki ta gudu, ta auri wani maharbi, ta haifi Wedraogo wanda Mosi ke ɗauka a matsayin kakansu. Kyautar da ke ɗauke da sunan yarinyar da ta ƙi a yanke mata hukunci kan aurenta ta fara sauka ne a kan labarin yarinyar da ba a tambayi ra'ayinta ba.

Zaɓin alƙalan ya nuna inda hankalin masu fim na Afirka yake a wancan zamani. Ana tsammanin finafinan siyasa da na yaƙi da mulkin mallaka ne za su mamaye fage, amma cikin finafinai biyar na farko da suka ci kyautar, uku labarin soyayya da aure ne. Bayan na Ganda, a 1976 Muna Moto na ƙasar Kamaru ya ci, labarin saurayin da tsadar sadaki ta sa ɗan uwan mahaifinsa mai kuɗi ya aure masa budurwa. A 1981 kuma Djeli na Kodebuwa ya ci, labarin masoyan da aka raba saboda saurayin ɗan maroƙa ne.

Masu sharhi da suka yi rubutu a kan Ganda sun fi tsayawa kan abu guda, cewa yana kallon al'ummarsa ne daga ciki. Ko littafin da Maizama Isa ya wallafa a kansa a Dakar a 1991 da wannan ma'ana aka raɗa masa suna. Ganda Musulmi ne da ya tashi cikin mutanen da yake nunawa, yana magana da harshensu, ya san yadda ake gaisuwa da yadda ake kai kayan aure. Abin da ya sa a gaba shi ne mutumin da ya mayar da laƙabin addini jari.

Batun kuwa na lokacinsa ne. A shekarun da suka biyo bayan 'yancin kai, jirgin sama ya sauƙaƙa zuwa Makka, kuma kalmar Alhaji ta fara ɗaukar ma'anar attajiri a bakin jama'a. A Maraɗi har manyan 'yan kasuwa gaba ɗaya ake kira Alhazai, sunan da wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya sa wa littafinsa na 1986 a kansu.

Matsalar ita ce waɗanda aka yi fim ɗin dominsu ba su cika samun ganinsa ba. A lokacin wasu kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da gidajen silima da rarraba finafinai a yawancin ƙasashen Afirka rainon Faransa, kuma abin da suke kawowa na Amurka ne da Faransa da Indiya. Finafinan gida ana ɗaukar su ne da ƙaramin zare mai faɗin milimita 16, a kai Faris a wanke a haɗa, sannan su ƙare a bukukuwa da cibiyoyin al'adu. Fim ɗin da bai kai awa guda ba kuma bai dace da tsarin masu sayar da tikiti ba.

Abin da 'yan wasa suka biya

Akwai wani ɓangare na karɓuwar finafinan Ganda da ba a rubuta shi a takardar kyauta ba, wato abin da ya sami Zalika Sule, jarumar da ta fito a manyan finafinansa huɗu. Ta fara fim ne a 1966 a wani aikin Mustafa Alhasan, wanda shi ma yana cikin iyayen fim a Nijar, kuma tana cikin matan Afirka na farko da suka riƙi fim sana'a.

Sau da yawa ana ba ta matsayin macen da jama'a ke ƙyama. Masu kallo da dama suka kasa raba wasa da gaskiya, suka ɗauka halinta ke nan, ta sha zagi da tsangwama a garinsu. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar, ta shiga ƙuncin rayuwa. Rahmatu Keita ta tattara labarinta a fim ɗin Al'lèèssi na 2004. Zalika ta rasu a 2021.

Duk 'yar wasan Kannywood da ta taɓa fitowa a muguwar kishiya, sannan aka tare ta a kasuwa da baƙar magana, ta gaji wani abu daga Zalika ko da ba ta san sunanta ba.

Ayyukansa na ƙarshe

Ganda bai sassauta ba bayan nasarar Wagadugu. Fim ɗinsa na gaba, Saïtane, wato Shaiɗan, ya taɓo wurin da ya fi zafi. Labarin wani malamin tsibbu ne da ya zama ɗan aike tsakanin matar aure da wani mai kuɗi da ke nemanta. Nan ma tambayar ita ce yadda kuɗi ke sayen mutanen da jama'a suka amince wa.

Ya yi finafinan gaskiya da dama a shekarun 1970, lokacin da Nijar ke fama da fari da yunwa, ga kuma juyin mulkin 1974 da ya kawo Seyni Kunce. A 1980 ya fitar da L'Exilé, wanda ya gina kan wata tatsuniya game da nauyin magana idan ta fita daga baki da abin da cika ta ke jawowa. Wanda ya lura zai ga zaren da ya ɗinke ayyukansa. Faransa ta yi wa soja alkawari ta saɓa, iyaye sun yi wa Garba sun saɓa, malami ya ci amanar da aka ba shi, a ƙarshe kuma ya yi fim sukutum a kan alkawarin kansa.

Ranar 1 ga Janairun 1981 Umaru Ganda ya rasu sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 45, yana cikin aikin wani sabon fim. An sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, kuma FESPACO ta ware kyauta da sunansa wadda ake bai wa daraktan da fim ɗinsa na farko ya fi fice. Rouch, wanda ya fara saka shi gaban kyamara, ya rayu har 2004, lokacin da ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni, aka binne shi a Yamai.

Abin da ya bar mana

Lokacin da Ganda ya ci kyautarsa, saura shekara huɗu Adamu Halilu ya fitar da Shaihu Umar a 1976, saura kuma shekara 18 a yi Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin Kannywood. Batutuwan da daga baya suka cika littattafan soyayya na Kano, irin na Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, da ɗaruruwan finafinan bidiyo, wato auren dole da kishi da fifita mai kuɗi kan masoyi, ya riga ya kai su gaban alƙalan nahiya ya dawo da kofi.

Ana yawan yi wa finafinan Hausa gorin cewa ba su da labari sai soyayya da rikicin kishiyoyi. Tarihin Ganda ya nuna cewa laifin ba na batun ba ne. Da irin wannan labari aka buɗe kundin babbar kyautar Afirka. Bambancin yana wajen yadda aka riƙe shi: ko an tsaya kan waƙa da kwalliya, ko an bi sawun kuɗi da iko har a gano wanda ke cin riba da wanda ke kwana a ciki. Najeriya, duk da yawan finafinanta, sau ɗaya ta taɓa cin Dokin Yennenga, a 2007, da fim ɗin Ezra na Newton Aduaka.

Tsakanin Kebbi da jihar Doso ta Nijar iyaka ce kawai, kuma akwai Zabarmawa da yawa a Kamba da Argungu da Birnin Kebbi waɗanda za su kalli Le Wazzou polygame ba tare da tafinta ba. A zamanin da ake fassara finafinan Indiya zuwa Hausa ana tura su waya zuwa waya, ya kamata sassan koyar da fim na jami'o'inmu da masu shirya bukukuwan finafinai a Kano da Kaduna su nemi izinin masu haƙƙin waɗannan ayyuka, a sa musu fassarar Hausa, a nuna wa matasa. Satu da Garba suna nan a garuruwanmu, kuma har gobe ana ɗaura auren da ba a tambayi amarya ba.

Allah Ya jiƙan Umaru Ganda, Ya gafarta masa.